Yadda Ake Gwajin Sugan Safe Kafin A Karya

A shekarun da na yi ina tsira yatsun mutane da sassafe, na lura cewa yawancin sakamakon da ke fitowa a karkace ba na'ura ce ta yi ƙarya ba. Tun daga gida ake ɓata gwajin. Ba na manta wani dattijo da ya zauna a gabana ya miƙo hannu, na tambaye shi ko ya ci wani abu, ya ce wallahi rabonsa da abinci tun tuwon dare. Yana magana ina hango jan goro a haƙoransa. Na ce, "Baba, wannan fa?" Ya yi dariya ya ce, "Haba ɗana, goro ai ba abinci ba ne." Da ƙyar na lallashe shi ya yarda ya dawo washegari.

Dalilin da ya sa ake nacewa a kan rashin karyawa ba shi da wuyar fahimta. Kowa ya ci abinci sugan jininsa zai hau, mai lafiya da marar lafiya. Amma idan mutum ya kwana bai ci komai ba, hanta ce ke sakin sukari kaɗan-kaɗan cikin jini don jiki ya samu abin aiki, sinadarin insulin kuma shi ke riƙe mata linzami kada ta wuce gona da iri. In insulin ya yi ƙaranci ko jiki ya daina jin maganarsa, sai a wayi gari suga na sama alhali ba a ci komai ba. Wannan ake so a kama. A takardar asibiti a Najeriya za ka ga an rubuta FBS ko FBG, shi ne dai wannan gwajin.

Kayan da za ka tanada

Hanya biyu ce. Ko dai ka je ɗakin gwaje-gwaje a ɗibi jini a jijiyar hannu, ko ka yi amfani da ƙaramar na'urar gwajin suga a gida ko a kemis. Ta gida tana nuna maka inda aka dosa, amma tabbatar da cewa mutum na da ciwon sukari aikin jinin jijiya ne. In asibiti za ka, takardar da likita ya rubuta kawai kake buƙata, sai gorar ruwa da abin karyawa a leda. In a gida ne ga abin da za ka haɗa:

- Na'urar, da batiri mai rai. Akwai Accu-Chek, akwai OneTouch, akwai wasu da yawa a kasuwa.
- Tsinken gwaji, wanda 'yan kemis ke kira sitirif. Dole ya zama na wannan na'urar takamaimai. Na wani kamfani ba ya shiga, ko ya shiga ba zai ba ka gaskiya ba.
- 'Yar allurar tsira yatsa sabuwa, da alƙalamin da ake sa ta a ciki.
- Sabulu, ruwa, da tsumma mai tsabta.
- Auduga busasshiya.
- Littafi da biro.
- Tsohuwar gorar roba mai murfi, ta zuba allurar da aka gama da ita.

Sifirit ba dole ba ne. Sabulu da ruwa sun fi shi aiki a nan, zan faɗi dalili a gaba.

1. Zaɓi ranar da ta dace

Kada ka yi wannan gwajin kana kwance da zazzaɓi, ko kana fama da wani ciwo mai tsanani, ko ba ka daɗe da fitowa daga tiyata ba. Jiki a cikin wahala yakan tura suga sama na ɗan lokaci, sai a liƙa wa mutum ciwon da ba shi da shi. Bari ka warware tukuna.

Sannan ka tuna magungunan da kake sha, ka faɗa wa mai gwajin. Wanda ya fi ba mu wahala shi ne dangin dexamethasone da prednisolone. Suna ɗaga suga sosai, kuma mutane da yawa na shan su ba su san sunansu ba: a cikin haɗin maganin ciwon gaɓɓai da ake ƙullawa a leda, ko a ƙwayoyin ƙiba da wasu mata ke saya a ɓoye. In kina shan irin wannan, ki faɗa ba tare da jin kunya ba, mu ba alƙalai ba ne. Amma kada kowa ya tsayar da maganin da likita ya ɗora shi a kai don kawai zai yi gwaji, musamman waɗannan biyun, domin yanke su farat ɗaya na da nasa haɗarin.

Akwai kuma masu yi wa gwaji wayo. Mutum ya ji an ce ranar Litinin za a auna shi, sai tun Juma'a ya daina shan shayi, ya koma cin ganye, ya dinga kwankwaɗar ruwan shuwaka. Wa ka yaudara? Ka ci abin da ka saba ci a kwanakin da suka gabata, domin jikinka na kullum ake so a gani.

Togaciya guda ɗaya: wanda ke fama da ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari dare da rana, ga rama ba dalili, ga gani na dishi-dishi, wannan ba ya jiran gobe da safe. A auna shi yanzu, ko ya ci ko bai ci ba.

2. Daren da za a wayi gari a yi gwajin

Ka ci abincin darenka kamar kullum, ka duba agogo lokacin da ka sa loma ta ƙarshe. Daga nan ake fara ƙirga. Mafi ƙaranci awa 8, kuma an fi so kada ya zarce 12. Lissafi mai sauƙi: ka gama cin abinci ƙarfe 9 na dare bayan Isha'i, a ɗibi jinin tsakanin ƙarfe 7 da 8 na safe.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne hirar dare. An gama tuwo ƙarfe 8, amma a majalisa an sha shayi ƙarfe 11, ko an ɗan taɓa tsire, ko an sha fura kafin a kwanta. To ƙirgar ta koma daga ƙarfe 11 ke nan. Abu na ƙarshe da ya wuce maƙogwaro, ban da ruwa, shi ne farkon lissafi.

Yunwar da ta yi tsawo ita ma ba gwaninta ba ce. Wanda ya ƙi cin abincin dare gaba ɗaya, sannan ya zauna a layin asibiti har azahar, sakamakonsa ba lallai ya nuna halin da yake ciki a sauran ranaku ba.

3. Da safe: ruwa kawai

A nan kalmar azumi ke rikita mutane. In ma'aikacin asibiti ya ce "ka zo da azumi", sai mutum ya ɗauka irin na Ramadan ne, ya ƙi shan ko ɗigon ruwa. Ba haka ba ne. Ruwa zalla ka sha abinka, kofi ɗaya ko biyu. Yana ma taimakawa, domin jijiyar wanda ya bushe da ƙishi wuyar samu take, sai an yi ta caka masa allura.

Abin da ba a yarda da shi ba: shayi ko da babu sukari, kofi, koko, kunu, zoɓo, lemon kwalba, zuma, dabino, goro, alawa, cingam, taba sigari, da jiƙe-jiƙen gargajiya. Dabino ɗaya tak da aka saba ci bayan sallar asuba ya isa ya sa a ɗage gwajin. Asuwaki babu laifi, buroshi ma haka in ba ka haɗiye man ba. Kada ka fita gudu ko ka shiga gona ka yi aikin ƙarfi kafin gwajin. Tafiya ta zuwa masallaci ko bakin titi ba komai.

Wanda ya riga ya san yana da ciwon kuma yana allurar insulin ko shan ƙwayoyi irin su glibenclamide, kada ya sha maganin safe cikinsa babu komai sannan ya je ya zauna a layi. Na ga wanda ya yanke jiki ya faɗi a kan benci saboda haka. Ka tafi da maganin da abin karyawa, a ɗibi jinin, sannan ka sha ka ci, sai dai in likitanka ya tsara maka wani abu dabam.

A watan Ramadan kuwa, wanda ya yi sahur ƙarfe 5 bai cika awa 8 ba sai wajen ƙarfe 1 na rana, ga ƙishi. In ba gaggawa, an fi so a yi gwajin kafin watan ya kama, wanda hakan ma shi ya fi amfani ga mai son sanin ko zai iya azumin lafiya.

4. Duba na'ura da tsinken gwaji

Karanta ranar lalacewa a jikin kwalbar. Wasu tsinkayen kuma suna da wa'adi na biyu da ke fara aiki daga ranar da aka buɗe murfin, don haka ka rubuta ranar da ka buɗe a jikin kwalbar. Ka ciri guda ɗaya ka rufe nan take. Iska mai laima na kashe su, zafi ma haka. Yawancinsu an rubuta kada a ajiye su a wurin da ya wuce digiri 30, mu kuwa a watan Afrilu ana haura 40 a Sakkwato da Maiduguri. Saboda haka ba a barin su a mota, ko a kan taga, ko a shagon kwano da rana ke dukansa. Nemi lungu mafi sanyi a ɗaki. Ni ba na sayen tsinke ɗai-ɗai da aka ƙulla a leda, komai arharsa.

Sai ka duba ma'aunin da na'urar ke amfani da shi. In ka ga mg/dL, lambobin za su fito kamar 95 ko 130. In mmol/L ne, za ka ga 5.3 ko 7.2. Raba na farko da 18 ka samu na biyu. Wata mata ta taɓa zuwa a firgice wai suganta ya faɗi zuwa 6, alhali maƙwabciyarta ta samu 100. Ashe kusan abu ɗaya suka samu, na'urorin ne kowace da yarenta. A Nijar kuma takardun gwaji sukan zo da g/L, inda 1,26 ke daidai da 126.

5. Wanke hannu, ka shanya shi sosai

Wannan matakin ne mutane suka fi rainawa, kuma shi ya fi haifar da sakamakon ban tsoro. Uwar da ta ɓare wa yara lemo, ko ta dama musu koko da sukari, ko ta raba dabino kafin ta zauna gwaji, sukarin na nan manne a fatar yatsa. Ɗigon jinin ƙanƙani ne, ɗan abin da ke kan fata ya isa ya ninka lambar. Sifirit ba ya wanke sukari yadda sabulu da ruwa ke yi, shi ya sa na ce ba dole ba ne.

Ka tsane hannun ƙarƙaf, domin ruwan da ya rage zai tsinka jinin lambar ta yi ƙasa. In kana wurin da babu ruwa, goge da sifirit, ka jira ya bushe da kansa, ka tsira, ka share ɗigon farko da auduga, ka yi amfani da na biyu.

6. Tsira yatsa

Sa sabuwar allura a alƙalamin. Zura tsinken gwaji a na'ura, za ta kunna kanta ta nuna alamar ɗigon jini. Zaɓi yatsan tsakiya ko na zobe, ka tsira a gefe, ba a tsakiyar tsokar da kake taɓa abu da ita ba. Gefen ya fi jini kuma bai kai tsakiya zafi ba.

Alƙalamin na da lambobin zurfi. Mai laushin hannu 2 ko 3 ta ishe shi. Manomi ko maƙeri da yatsunsa suka yi kanta sai an kai ƙarshen lambobin. Lokacin hunturu jini kan ƙi fitowa: wanke hannu da ruwan ɗumi, ka saki hannun ƙasa ka girgiza shi na ɗan lokaci, sannan ka shafo daga gindin yatsa zuwa sama a hankali. Kada ka matse bakin wurin kamar mai tatsar ƙurji. Matsa mai ƙarfi na fito da ruwan jiki ya gauraya da jinin.

In babu alƙalamin, ana iya riƙe allurar da hannu a caka da sauri sau ɗaya. Abin da ba a yi shi ne reza, ko allurar ɗinki, ko allurar da wani ya yi amfani da ita ko da ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ciwon hanta da ƙanjamau ta irin wannan ƙofar suke shiga.

7. Ɗora jinin, ka karanta, ka rubuta

Kai bakin tsinken ga ɗigon, zai zuƙe da kansa. Ba shafawa ake yi ba. In jinin bai isa ba na'ura ta nuna kuskure, ɗauki sabon tsinke. Wanda ya taɓa jini ya gama aiki. Cikin 'yan daƙiƙoƙi lamba za ta fito. Danne yatsa da auduga, jefa allurar a gorar roba ka rufe, ka ɗaga ta inda yara ba sa kaiwa.

Rubuta kwanan wata, lokaci, lambar da ma'auninta, da lokacin da ka ci abu na ƙarshe. Kada ka dogara da ƙwaƙwalwa. "Ya ɗan hau" ba abin da likita zai yi aiki da shi ba ne.

8. In a ɗakin gwaje-gwaje ne

Ka je da wuri, ka gaya musu tun a ƙofa cewa ba ka karya ba. Zauna ka huta kaɗan kafin a ɗiba. Jinin suga ana zuba shi ne a kwalba mai murfi ruwan toka, wadda ke da sinadarin da ke hana ƙwayoyin jini ci gaba da cinye sukarin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: jinin da aka bari a kwalbar da ba ta dace ba yana asarar kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na sukarinsa duk awa. Wanda ainihin sugansa 130 ne, in jinin ya yi awa biyu a kan tebur, sai a rubuta masa ƙasa da 120, a sallame shi. Don haka in a ƙauye aka ɗibi jinin za a kai gari a babur, tambayi irin kwalbar da tsawon lokacin da zai ɗauka. In da hali, kai jikinka garin ya fi.

9. Me lambar ke cewa?

Ga babba wanda ba mace mai ciki ba:

- Ƙasa da 100 mg/dL, wato 5.6 mmol/L: lafiya lau.
- Daga 100 zuwa 125, wato 5.6 zuwa 6.9: ana bakin ƙofa, ba a shiga ba.
- 126 zuwa sama, wato 7.0: ya kai iyakar ciwon sukari.

Za ka iya ganin takardar da ta sa farkon matakin tsakiya a 110, wato 6.1. Ba kuskure ba ne. Wannan ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ne, ita kuwa Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka ta sauko da nata zuwa 100 tun 2003. A kan 126 dai bakinsu ɗaya. Tsofaffin ma'aikata za su tuna lokacin da iyakar take 140, kafin a rage ta a 1997.

Matakin tsakiyar nan shi na fi so mutane su ɗauka da muhimmanci, domin babu abin da ke ciwo, sai a ninke takarda a jefa a durowa. Alhali a nan ne rage ƙiba, tafiyar ƙafa kullum, da rage lemon kwalba da shayi mai cokali huɗu ke iya mayar da mutum baya. A sake aunawa duk shekara.

Mai ciki lissafinta dabam ne. A wurinta 92 mg/dL, wato 5.1, ya isa a fara magana, kuma akan yi mata gwajin shan ruwan sukari tsakanin mako na 24 da na 28. Kada ta auna kanta da lambobin mijinta.

10. Maimaita kafin a yanke hukunci

Sakamako ɗaya ba ya sa a ce mutum na da ciwon sukari, in dai babu alamomi ƙarara. Ana maimaitawa a wata ranar, da jinin jijiya. Dalili kuwa, ƙa'idar da aka gindaya wa na'urorin gida ta yarda su kauce da kashi 15 cikin ɗari. Jinin da ainihinsa 126 ne na iya fitowa 107, yana iya fitowa 145, kuma na'urar ba ta lalace ba. Shi ya sa nake jin takaici in na ga an auna mutum sau ɗaya a kemis, an ga 131, an haɗo shi da ƙwayoyi a take.

In zama da yunwa ya gagara, ko sakamakon biyu sun saɓa wa juna, akwai wasu hanyoyin. Gwajin HbA1c ba ya buƙatar azumi, yana nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, kuma 6.5 cikin ɗari zuwa sama shi ne iyakar ciwon. Sai dai ya fi tsada, kuma ba a dogara da shi ga mai sikila, ko mai ƙarancin jini sosai, ko wanda aka ƙara wa jini kwanan nan. A ƙasarmu wannan ba ƙaramin rukuni ba ne, don haka ka faɗa tun kafin ka biya kuɗi. Akwai kuma gwajin da ake ba mutum giram 75 na gulukos a ruwa ya shanye, a auna bayan awa biyu. 200 mg/dL, wato 11.1, zuwa sama ciwo ne. Haka nan wanda ke da alamomin da na lissafa a farko, in aka auna shi a kowane lokaci aka ga 200 ko fiye, wannan ba sai an maimaita ba.

Lambobi biyu ne ba a kwana da su. In na'ura ta rubuta HI, suga ya wuce abin da take iya ƙirgawa, a yawancinsu sama da 600. Wanke hannu ka sake. In ta maimaita, ko lambar ta haura 300 ga amai, ciwon ciki, numfashi sama-sama ko magagi, a nufi asibiti a lokacin. In kuma ta nuna ƙasa da 70, wato 3.9, ga rawar jiki da gumi, gwaji ya ƙare: a jiƙa cokali ɗaya babba na sukari a ruwa a sha, ko rabin kofin lemon kwalba, a sake aunawa bayan minti 15. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, ɗaukarsa ake yi.

Ranar da za ka ga likita, ka tafi da littafin da ka rubuta lambobin, da takardun gwajin duka biyu, da kwalayen duk magungunan da kake sha har da na gargajiya. In kana da na'ura a gida, sa ta a aljihu: ka tsira yatsa a daidai lokacin da ake ɗibar na jijiya, in sakamakon ya fito ka kwatanta, ka san ko taka tana ƙarawa ne ko tana ragewa.